Bar Shi Ya Kai Baki da Kansa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya yi ƙasa a hankali.]

 Iyaye mata na Takur da Fagoji da Yalwawa da Garu, da na Limawa da Sakwaya da Kudai, har zuwa Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, duk inda muryar nan ta iske ku, ina gaisuwa. Ina gajiya, yaya masu goyo? Maigida, kai ma kada ka murɗa rediyon nan ka ce zancen mata ne. Kai ne kake tsayawa wurin mai tebur bayan isha'i ka ce a zuba maka kayan marmari a leda, saboda haka da kai za a yi.

Yau ban shigo ɗakin shiri hannu rabbana ba. A gabana akwai faranti da wuƙa, da rabin gwanda, da ayaba biyu, da mangwaro guda, da ɗan yankin kankana, da dabino uku na nan garinmu Dutse. Da su za mu yi hira kan yadda ake shirya wa yaron da ya fara kai hannu baki ɗan abin taɓawa, ya ci da kansa.

Makon jiya na leƙa gidan wata maƙwabciyata, yarinya ce mai ɗan fari, watansa takwas da 'yan kwanaki. Na iske ta shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta zaunar da yaron a tsakanin ƙafafunta, ta ajiye masa yanka uku na gwanda a murfin kwano. Ya kai hannu ya damƙi guda, ta suɓuce. Ya sake damƙa, ya matse ta har ruwan ya biyo tsakanin yatsunsa ya gangara gwiwar hannu. Ya ɗaga ya nufi baki, sai ya samu kunci. A karo na uku ya dace. Ya yi tsit, ya yamutsa fuska kamar an ɗanɗana masa maɗaci, can kuma ya shiga mamula da dasashi, yawu yana dalala.

Kakarsa tana gefe a kan kujera 'yar tsugunno, tana tsinke zogale. Ta kasa haƙuri.

"Ke 'yar nan, wannan ai wasa da abinci ne. Miƙo mini maigidan nawa in ɗura masa kunu ya ƙoshi, kowa ya huta."

"Inna, a asibiti ne aka ce a riƙa barinsa yana ɗauka da kansa."

"To madalla. Mu da muka raini ubansa ba asibiti, ga shi nan ya zama mutum."

Na yi dariya, don Inna ba ta faɗi ƙarya ba. Amma na ce mata, "Inna, ranar da uban nasa ya rarrafo ya iske ku kuna cin tuwo, ya tsoma hannu a akushi, kin hana shi?" Ta ce, "Wa yake hana yaro tuwo?" Na ce to ai shi ke nan, abin da jikanki yake yi da gwandar nan shi ne ubansa ya yi da tuwonki. Turawa sun yi wa wannan salo suna, har wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Ingila mai suna Gill Rapley ta fitar da littafi a kansa a 2008, ya yi ta yawo a duniya. Mu dai tun kaka da kakanni yaro yana zama a bakin kwano. Abin da ya rage mana shi ne sanin wane abu za a ajiye masa, da yadda za a yanka shi.

Ɗura kuwa, a yi haƙuri, ba zan yi mata kara ba. A kwantar da yaro a cinya, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, wani lokaci har a toshe masa hanci don dole ya haɗiye: wannan kasada ce da rai. Yaron da yake kuka yana jan numfashi, kunun yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi da ciwon huhu. Ko an tsira daga wannan, an koya masa cewa lokacin abinci lokacin kokawa ne. Shi ne za ki ga yaro yana hango kofi sai ya ƙanƙame baki.

Yaushe ake farawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, kuma ta sake jaddada haka a ƙa'idojin ciyar da yara da ta fitar a 2023. Daga wata shida sai a shigo da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wanda dama shi ne cikar shayarwa a addininmu. Amma kalanda kaɗai ba ta isa ba, ki dubi yaron. Yana iya zama ba tare da ya langaɓe ba? Wuyansa ya tsaya? In ya ga abu yana kai hannu ya ɗauka ya nufi baki? In kin sa masa abu a baki, ya daina turo shi waje da harshe? In haka ne, ya shirya. Yawancin yara zuwa wata takwas sun iya riƙe abinci su ci. Kada ki jira haƙori. Duk wadda ɗanta ya taɓa datse mata nono da dasashi ta san ƙarfinsa.

Wata za ta ce duk wannan dogon bayani a kan ɗan yankin gwanda? E, saboda halin da muke ciki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Najeriya baki ɗaya, yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Jigawa adadin ya haura 60 cikin 100. Kuma galibi ɓarnar tana faruwa ne daga wata shida zuwa shekara biyu, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, abin da ake ƙarawa kuma bai wuce koko tsararo ba, safe, rana, dare. Gwanda da mangwaro suna ɗauke da abin da jiki yake mayarwa bitamin A, mai kare ido da taimaka wa yaro yaƙar cuta. Shi ne bitamin ɗin da ake ɗiga wa yara a baki lokacin makon lafiyar mata da yara. Bitamin C da ke cikin gwanda da goba da lemu da garin 'ya'yan kuka kuwa yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ayon, mai gina jini, daga wake da ganye.

Sai dai ku saurara da kyau: kayan marmari ba su ne abincin ba. Ba su da isasshen abin gina jiki, ba su da isasshen ayon. Cikin yaro ɗan wata takwas bai fi ƙaramin kofin shayi ba. In kin cika shi da kankana, wadda kusan duk ruwa ce, kin tare wa kunun gyaɗa da wake da ƙwai da kifi wuri. Daga wata shida zuwa takwas, abinci sau biyu zuwa uku a rana, bayan nono. Daga wata tara, sau uku zuwa huɗu. 'Ya'yan itace sai su shigo tsakani, sau ɗaya ko biyu, kamar da hantsi ko bayan la'asar, yanka biyu ko uku.

[Ƙarar zuba ruwa a kwano.]

Kafin wuƙa, sabulu. Hannunki, hannun yaron har ƙarƙashin farce, wuƙar, da farantin. Kada ki ɗauko wuƙar da kika gyara kifi ko kaza da ita ki goge a zani ki ce ta yi. Shi ma ɗan itacen a wanke bayansa da ruwa mai tsabta tun kafin a yanka, ko da fere shi za a yi, don wuƙa tana jan dattin ɓawo ta shigar da shi ciki. Kankanar nan a ƙasa ta kwanta a gona, ta sha tafiya a bayan mota, ta sake kwanciya a ƙasa a kasuwar Shuwarin ko bakin titi, kowa ya zo sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji ko ta nuna.

Maigida, ga naka. Yankakkiyar kankana da abarba da gwanda da ake ƙullawa a leda, in kai za ka sha, kai ka san cikinka. Amma ban da mai goyo. Ba ka san da wane ruwa aka wanke wuƙar ba, ba ka san tun yaushe take shan rana ba, ba ka ƙirga ƙudajen da suka sauka ba. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya yi wa Jigawa mummunan kamu. Sayo guda sukutum, ko ƙarama ce, a yanka a gida. Sannan akwai masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabayid, wanda masu walda suke amfani da shi, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Irin wannan za ka ga baya ya yi launin nuna kamar an shafa fenti, ciki kuwa da tauri, ba ƙamshi, ba zaƙi. Hanci ya fi ido gaskiya a nan. In da hali, sayo wadda ta ƙosa ba ta gama nuna ba, a ajiye a ɗaki kwana biyu ko uku ta ƙarasa da kanta.

To, ga gwandata. Na kwashe 'ya'yan nan baƙaƙe tas, na fere ɓawon. Yanzu awon farko, wanda za ki yi wa kowane ɗan itace kafin ya isa hannun yaro: ɗauki ɗan yanki ki matsa tsakanin babban yatsa da manuni. In ya dagargaje ba wahala, dasashi zai iya da shi. In sai kin yi ƙarfi, ajiye wa yayyensa.

Awo na biyu, girma. Nan ne iyaye da yawa suke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Ganinsu tunda yaro ƙarami ne, a yayyanka masa mitsi-mitsi. A'a. Ɗan wata shida zuwa takwas bai iya tsinta da kan yatsu ba, da tafin hannu yake damƙa, kuma abin da ya shige cikin dunƙulen hannunsa bai san yadda zai buɗe ya ci ba. Saboda haka ki yanka dogo, tsayin yatsanki manuni, kauri kamar yatsa ɗaya zuwa biyu, yadda in ya damƙa rabi zai leƙo ta sama ya samu na mamula. Sai wajen wata tara zuwa goma za ki ga ya fara tsintar tsakuwa da ƙwayar shinkafa daga ƙasa da yatsu biyu. Wannan ita ce alamar cewa lokacin ƙananan gutsattsari ya yi, kamar girman farcen ƙaramin yatsanki, masu laushi, kuma kada a yi su kewayayyu.

Ayaba ta fi kowa sauƙin kai. Ki zaɓi wadda ɓawonta ya fara ɗige-ɗigen baƙi. Ɓare ta, ki raba biyu, sannan ki tura yatsa a tsakiyar kanta a hankali. Kun ji? Da kanta ta rabe gida uku a tsaye, kuma gefen da ya rabe ba shi da santsi irin na yankan wuƙa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanka ta zagaye-zagaye kamar kwabo. Wannan siffa ita ce daidai da murfin maƙogwaro.

Mangwaro kuwa, in kakarsa ta zo daga Maris zuwa farkon damina, har awaki sai sun gaji da shi a wasu garuruwanmu, amma sai ka ga an hana yaro. Ana cewa wai yana kawo zazzaɓi. Sauro ne yake kawo zazzaɓin cizon sauro. Abin da yake faruwa shi ne ƙarshen kakar mangwaro yana haɗuwa da faɗuwar ruwan farko, sai a ɗora wa mangwaro laifin da ba nasa ba. Gudawar da ake gani kuma, yawanci daga wanda aka tsinto a ƙasa ne ba a wanke ba, ko ɗanye, ko wanda ƙuda ya gama yawo a kai. Ki samu nunanne, in so samu ne mai aure, wanda ba shi da zare-zare da yawa. Ki fere shi gaba ɗaya, don ƙaron da ke jikin ɓawo yana sa wa wasu yara ƙuraje a gefen baki. Ki yanko kumatun nan biyu ki tsaga a tsaye. In santsi ya hana shi riƙewa, ki birkiɗa yankan a cikin ɗan garin soyayyiyar gyaɗa da aka daka lukui aka tankaɗe, ba gishiri ba yaji, muddin dai ya riga ya saba da kunun gyaɗa bai taɓa yi masa komai ba. Ƙwallon ma kada ki yar. In babba ne, wanda ba zai shige bakinsa ba, ki rage naman ki miƙa masa. Zai riƙe da hannu biyu ya yi ta gurza da dasashi, musamman in haƙori yana masa ƙaiƙayi. Ki cire masa riga tukuna, don tabon mangwaro ba ya jin sabulu.

Kankana: cire ɓawo, tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya har farare, ki yanka dogo. Goba sai wadda ta nuna luɓus, a fere, a kwashe tsakiyar mai 'ya'ya. Lemu a ɓare, a cire 'ya'ya, a cire fatar nan mai yauƙi da ke lulluɓe da kowane ɓari. Tuffa ɗanya tana cikin abubuwan da suka fi ƙware yara, sai dai a turara ta ta yi laushi ko a goge ta a magogi. Inibi, in Allah ya hore, a tsaga shi gida huɗu a tsaye. Rake da gutsuren kwakwa da ɗanyen karas, a bar su sai gaba.

[Ɗan kiɗa na daƙiƙa kaɗan.]

Yanzu ga dabinona uku. Mu mutanen Dutse ba a yi mana gorin dabino. Duk wanda ya shigo gari ya ga itatuwansa tsaye a gindin duwatsu, kuma a nan ne cibiyar NIFOR ta kafa reshenta na binciken dabino. Abu ne mai albarka a wurinmu, da shi ake yi wa jariri tahniki ranar haihuwa, da shi ake buɗa baki. Wannan ƙauna ce take sa a miƙa wa ɗan wata bakwai dabino guda a ce ya tsotsa. To, tahniki daban, wannan daban. A tahniki ɗan laushin ake shafawa a ganɗa. Dabino sukutum kuwa ya haɗa abu uku da ake gudu: busasshe yana da tauri, mai taushi yana da danƙo, kuma dukansu suna da ƙwallo dogo siriri mai santsi, wanda kamar an auna shi da maƙogwaron yaro. Hanyar iskar ɗan goyo faɗinta bai fi ƙaramin yatsansa ba. Ki dubi yatsan, ki dubi ƙwallon.

Ni ganau ce. Wani azumi, 'yata tana da wata goma, mun sha ruwa, kowa ya tashi sallar magariba, an bar ƙwallayen dabino a gefen tabarma. Ina sallamewa na lura ɗakin ya yi shiru. Duk uwa ta san irin wannan shirun. Na waiwaya na gan ta zaune, kunci ɗaya ya ɗan tasa, tana kallona. Allah ya sa ban yi ihu ba, don da ta firgita ta ja numfashi, da wani labarin ake yi. Na matsa a hankali, na sunkuyar da ita gaba, na ɗan matsa kumatun, ƙwallon ya faɗo a tafina. Sai bayan nan ƙafafuna suka fara rawa. Tun daga ranar, a gidanmu gwangwani mai murfi ake ajiyewa kusa da farantin dabino, kuma ba a tashi sallah sai an rufe shi.

In kina son ɗanki ya samu albarkar dabino, cire ƙwallon da ɗan hular kansa, ki jiƙa a ruwan ɗumi da aka tafasa har ya yi laushi, ki saluɓe fatar, ki dame shi ya zama kamar kunu, ki sa rabin ƙaramin cokali a abincinsa. Kaɗan ya isa, don zaƙinsa yana da ƙarfi.

Haka zancen yake ga magarya da kurna da kanya da ɗinya da aduwa, da kuma gyaɗa da aya da gurjiya. Duk ƙanana ne, masu tauri ko masu ƙwallo. Ke ba za ki ba shi ba, na sani. Amma wa yake riƙe da shi in kina daka ko kina wanki? Yayarsa 'yar shekara bakwai, wadda ta ƙulle magarya a bakin zani, kuma don tana son ƙaninta sai ta sammasa. Ki zaunar da ita ki yi mata bayani, ba da faɗa ba. Ki ce mata duk abin da za ta ba shi, ta fara kawowa ki gani.

Wurin ci kuma, a zaune, a miƙe. Ba a kwance ba, ba a goye ba, ba yana rarrafe ba, ba a cikin adaidaita sahu ana gargada ba, ba kuma lokacin da yake kuka ko yana gyangyaɗi ba. Ki zauna gabansa inda hannunki zai kai gare shi, ki ajiye waya. Kada ki tura masa yankan a baki, shi zai ɗauka. In ya kau da kai ko ya fara jifa da shi, ya ƙoshi, a ɗauke.

Akwai abu biyu da suke kama da juna a idon uwa mai tsoro, kuma dole ki iya raba su. Na farko kakari. Yaro ya tura yanki ya wuce inda ya saba, sai ya yi kamar zai yi amai, ya turo harshe, ido ya kawo ruwa, ya yi tari da ƙarfi. Yana da sauti. Wannan kariya ce da Allah ya yi masa, kuma a farkon koyo yana yawan faruwa. Ki daure, ki bar shi ya fito da abin da kansa. Kada ki zura yatsa, don kina iya tura shi ciki.

Na biyu ƙwarewa ta gaske, ita kuwa ba ta da sauti. Baki a buɗe, ba kuka, ba tari, ko tari maras ƙarfi, leɓe da dasashi suna komawa toka-toka ko shuɗi. A nan ba a jira, ba a ba da ruwa, ba a ɗaga shi ta ƙafa a girgiza. Ki ƙwala kira a nemo abin hawa, ke kuma ki zauna ki kifa shi a kan cinyarki, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, ki tallafe haɓarsa ba tare da kin shaƙe wuyan ba. Da gindin tafin ɗaya hannun, ki buga tsakanin kafaɗunsa, bugu na gaske, har sau biyar, kina dubawa bayan kowane ɗaya. In bai fito ba, juya shi rigingine, kan yana ƙasa dai, ki sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da saitin nonuwansa, ki danna da ƙarfi sau biyar. Ki koma baya biyar, ƙirji biyar, kina yi har a hanya. In kin ga abin ƙuru-ƙuru a bakin leɓe, cire. In ba ki gani ba, kada ki lalube. Ko ya fito, tunda an danna ƙirji, a kai shi a duba, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko Babban Asibitin Dutse, ko na Rasheed Shekoni, duk wanda ya fi kusa. Wannan na yaron da bai cika shekara ba ne, na wanda ya haura akwai ɗan bambanci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kika kai shi awo ko rigakafi, ki roƙi ma'aikaciyar lafiya ta nuna miki da hannu, ki gwada a gabanta da 'yartsana ko matashin kai. Ki nuna wa maigida da kaka su ma.

Saura 'yan ƙananan tambayoyi da ake yawan tare ni da su a gidan biki. Zuma? A'a, sai ya cika shekara, ko ɗigo. Na san darajarta a wurinmu, amma tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjin babba yake iya wa, na jariri ba ya iyawa, sai jikinsa ya saki, ya kasa tsotso, har numfashi ya gagara. Sukari a kan gwanda? Ba ta buƙata. A matse masa lemu a kofi? Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2017 ta ce kada a ba yaro ruwan 'ya'yan itace kafin shekara, kuma ina tare da su: ruwan zaƙi ne kawai, an bar dusar a baya, yana cika ciki yana ɓata haƙori. Lemon kwalba da na kwali da zoɓo mai sukari ba sai na faɗa ba.

In ya ci ayaba, washegari kina iya ganin wasu baƙaƙen zare-zare a kashinsa. Mata da yawa sun ruga kemis sayen maganin tsutsar ciki a kan wannan. Zaren ayaba ne. Gwanda da mangwaro kuma suna ɗan sassauta bayan gida, ba laifi ba ne. Amma in kashi ya zama ruwa sau uku ko fiye a yini, wannan gudawa ce, kada a ce haƙori ne a zauna. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a ci gaba da nono, a je a karɓo ƙwayar zinki. In kuma ya ci wani abu sabo sai leɓe ko fuska ta kumbura, ko jiki ya yi rudu-rudu, ko numfashi ya canza, asibiti kai tsaye. Shi ya sa ake so sabon abu ya shigo shi kaɗai, da rana, don a san mai laifi.

Wanda ya tofar yau, kada ki yanke hukuncin ba ya so. Wani yaron sai an kawo masa abu sau goma kafin ya karɓa. Zancen hagu kuma, na ga ana buge hannun ɗan wata tara don ya ɗauka da ita. A wannan shekarun duka hannayen yake gwadawa, bai tsayar da ɗaya ba tukuna. Ki yi bisimilla da ƙarfi ya ji, ki ajiye yankan ta ɓangaren damansa, ke ma ki ci da dama yana kallo. Zai ɗauka, ba sai da duka ba.

Abin da ya tsotsa ya bari, ba a ajiye masa sai anjima. Yankakken ɗan itace a lokacin sanyi kada ya wuce awa biyu a waje, a rufe. A zafin Afrilu da Mayu kuwa, da rana take kai digiri 40, awa ɗaya ma ta isa. Mai firji da wuta tana iya rufe ragowar da ba a taɓa ba zuwa gobe. Wadda ba ta da shi, ta yanko daidai na yaron, sauran a raba wa 'yan gida nan take.

Ita Inna, kafin in bar gidan, na ga ta ajiye zogalen ta jawo murfin kwanon gabanta. Ta ɗauki yankan gwandar da ya rage, ta matsa shi tsakanin yatsu biyu, ta jinjina kai, ta tura wa maigidan nata. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Tawa gwandar ta kusa rabin awa a faranti, kuma tun ɗazu mai kula mana da na'ura yake leƙenta ta gilashi. Shi ya daɗe da wuce wata shida, yana kuma zama da kansa, don haka zan miƙa masa. A shafa mini kan yara. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Assalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri.]